Kankare, dutse ko kwandon waya: katangar tokare ƙasa a bakin magudana a Abuja

Fili shimfiɗaɗɗe sumul ya yi wuya a Abuja, ɗan abin da ya rage kuma sai wane da wane. Abin da yawancinmu ke iya kaiwa gare shi a Guzape, Katampe, Dawaki, Mpape, Apo, Lokogoma ko Lugbe fuloti ne mai gangare, gabansa a tudu, bayansa ya sulale ya nufi kwari. A kwarin nan kuwa da wuya ka rasa ɗayan abu uku: ko lambatun da ke kwashe ruwan unguwa, ko bututu binne a ƙasa, ko turakun wuta. Mai gida yana son tsakar gidansa ta daidaita, sai ya sa tifofi su yi ta juye ciko. Ciko kuma ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai an yi masa katangar da za ta tokare shi. Daga nan ake fara musu: a zuba kankare da rodi, a ɗora dutse, a jera kwandunan waya cike da duwatsu, ko dai a ja bulo yadda ake jan kowace katanga?

A ganina an kama musun daga tsakiya. Abin da za ka gina katangar da shi yana bin bayan wurin da za ta tsaya ne. Katangar da ta fi kowacce ƙarfi, in ta hau zirin da hukuma ta keɓe wa ruwa ko bututu, ita ce ta fi kowacce asara ranar da katafila ta iso.

Zirin nan ya girmi gidajen da ke kewaye da shi. An kafa FCDA, hukumar raya babban birnin tarayya, a 1976, aka kammala babbar taswirar birnin a 1979, kuma tun a kan takarda aka bar wa rafuka da ƙoramu hanyarsu, aka ware hanyoyin bututu da na wuta. A tsofaffin unguwannin cikin gari irin su Garki, Wuse, Maitama da Asokoro, ƙazantar bayan gida ba sokawe take shiga ba. Bututu ne ke kwashe ta zuwa matatar Wupa da ke wajen Idu, kuma galibi gangara ce ke tafiyar da ita, shi ya sa bututun ke bin ƙasa-ƙasa, daidai inda bayan fulotinka ya sauka. Manyan layukan wuta suna da tasu tazarar a rubuce: mai 330kV mita 50, wato mita 25 kowane gefe, mai 132kV kuma mita 30. Ƙananan layukan AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, da bututun Hukumar Ruwa ma kowanne da nasa gurbin. Amfanin zirin ɗaya ne: ruwa ya wuce, ma'aikata kuma su iya shigowa da mota da injin haƙa a duk ranar da wani abu ya fashe ko ya toshe, ba tare da sun nemi izinin kowa ba.

Ko da zirin ya faɗo cikin iyakar fulotinka, ba ka da ikon yin yadda ka ga dama da shi. Ƙasar Abuja a hannun gwamnatin tarayya take, minista ne ke bayar da ita, takardar C of O kuma izinin zama ce na wani adadin shekaru, yawanci 99, da sharuɗɗanta. Katanga gini ce, tana buƙatar amincewar Sashen Kula da Gine-gine, wanda mutanen gari suka fi sani da jan fentin da yake shafa wa ginin da za a rushe. Ginin da aka yi ba izini kan hanyar ruwa ko kan bututu, in an rushe shi ba a biyan diyya. Waɗanda suka zauna a Abuja tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, sun ga manyan gidaje sun kwanta saboda sun hau bututun ƙazanta. Na baya-bayan nan kuma sun ga rukunin gidajen Trademore a Lugbe a watan Yunin 2023, lokacin da ruwa ya shanye gidaje fiye da ɗari, hukuma ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Hukuma ta ce gini aka yi a hanyar ruwa, mazauna suka ce magudanu da kwalbatocin ne suka yi kaɗan, har maganar ta kai kotu. Ko wane ne ke da gaskiya, bayan irin wannan ambaliyar jan fenti kan yawaita a bakin kowane lambatu.

Saboda haka kuɗin farko da za ka kashe na safiyo ne, wato mai awon fili, ba na siminti ba. Ya zo da taswirar fulotin ta AGIS, ofishin rajistar filayen Abuja, ya nemo maka duwatsun iyaka na ainihi, don katangar maƙwabci ba shaida ba ce, wataƙila shi ma ya ci. Kai kuma ka taka da ƙafarka ka duba. In ka ga murfin manhol, ramin da ake shiga a duba bututu, a gidan da ke damanka, ka ga wani a gidan da ke hagunka, to ja layi tsakaninsu da ido, bututun yana nan ƙarƙashin ƙafarka ko da ciyawa ta rufe shi. Ka duba 'yan turakun kankare masu rubutu da masu wayar intanet da masu ruwa ke kafawa. Ka dubi jikin itatuwa da duwatsun bakin ƙorama, leda da tarkacen da suka maƙale a sama su ne ke gaya maka inda ruwan bara ya kai, ba bakin dillali ba. Daga nan ka kai zanen injiniya Sashen Kula da Gine-gine, in akwai bututun ƙazanta a ji ta bakin AEPB, hukumar kare muhalli ta Abuja, in na ruwa ne a ji ta bakin Hukumar Ruwa. Wanda ya sayi gida a rukunin gidaje na kamfani ya ƙara kula: «ai mun ba ka dama» daga bakin manajan rukunin ba izinin gwamnati ba ne. Abin da ba a rubuta aka buga masa hatimi ba, ranar rusau babu shi.

Kafin a auna katangun ɗaya bayan ɗaya, ya kamata a san abin da suke faɗa da shi, don yawancin masu gida suna raina shi. Busasshiyar ƙasa mai yashi-yashi da ta kai tsayin mita 2 tana tura kowace mita ɗaya ta tsawon katanga da ƙarfin da ya kai kusan tan 1.2. In ruwa ya cika bayan katangar har sama bai sami mafita ba, turin yana haura tan 2.5, ya ninka ke nan har da ɗoriya. Tsayi kuma ba a hankali yake ƙara nauyi ba. In ka ninka tsayin, turin ya ninka sau huɗu, ƙarfin da ke neman kifar da katangar kuwa sau takwas. Shi ya sa katangar da ta kai gwiwa da wadda ta wuce kan mutum ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan, ruwan kuma shi ya sa katanga a Abuja ta fi faɗuwa tsakanin Agusta da Satumba, lokacin marka, bayan ƙasa ta sha ta ƙoshi. Ruwa ne ke kayar da katanga, ƙasa rakiya take yi.

Mu fara da bulo, tunda shi aka fi yi. Birkila zai ce maka, «Alhaji, kar ka damu, inci tara za mu sa, mu tsayar da fila kowane taku goma. Haka muke yi wa mutane.» Gaskiya ya faɗa, haka suke yi. Amma lissafa: katangar mita 2 tana cin bulo 20 a kowace mita ta tsawo, nauyinsu rabin tan da 'yan kai, suna tsaye kan faɗin inci tara, ana so su tare turin da ya fi tan ɗaya tun ƙasa tana bushe. Fila tana riƙe kanta ne da ɗan abin da ke gefenta, tsakanin fila da fila kuwa bulo ne tsirara. Na tsaya gaban irin wannan katangar a wani rukunin gidaje ta wajen Lokogoma cikin watan Agusta. Cikinta ya turo waje, tsaga ta bi layin siminti tana hawa daki-daki daga ƙasa har sama, jan ruwa yana tsatsafowa ta tsakanin bulo, fenti ya kumbura yana ɓarewa. A ƙasan katangar akwai bakunan fayif guda-guda da aka sa don ruwa ya fita, amma an cusa musu takardar buhun siminti an shafe da filasta, wai ruwan da ke ɗiga yana ɓata fenti.

Bulo yana da wurinsa. In tsayin ƙasar bai wuce kusan mita ɗaya ba, aka dasa rodi tun daga cikin fandisho ya ratsa ramukan bulon, aka cika kowane rami da kankare na gaske, aka bar wa ruwa mafita, zai yi aiki. Da zarar an wuce haka, arahar da aka gani a farko ita za a biya sau biyu. A bakin lambatu kuwa ban ga dalilin sa shi ba ko da gajere ne, don bulon da muke saya a bakin titi ba ya jure zama cikin danshi.

Kankare da rodi shi ne amsar da injiniya zai fara ba ka, kuma in tsayin ya kai mita 2 zuwa sama yana da hujja. Siffarsa kamar harafin L ce ko T a kife: bango a tsaye, faffaɗan tushe a kwance, an ɗaure su da rodi sun zama jiki ɗaya. Dabarar ita ce ƙasar da ke neman ture bangon ita ce kuma ke zaune kan tushen tana danne shi. Bangon kansa siriri ne, ba ya cin fili a ido, kana iya ɗora katangar tsaro a kansa in an sa ta cikin lissafi, kuma in an yi shi daidai jikokinka za su gaje shi. Tsadarsa ba ɓoyayya ba ce: rodi, siminti, tsakuwa, katakon kafinta, kuɗin injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Wanda ya ce zai yi maka ba zane, da ido kawai zai san kaurin rodi, sallame shi tun da wuri. Rodi ma in an sa shi a gefen da ba daidai ba, wato fuskar waje maimakon fuskar da ke jingine da ƙasa, kuɗinsa ya tafi a banza.

Abin da ba a cika gaya wa mai gida ba shi ne faɗin tushen. Yakan kai rabi zuwa kashi biyu cikin uku na tsayin katangar, ke nan katangar mita 2.5 tana son tushen da ya kai mita ɗaya da rabi ko kusa da haka. Ina wannan tushen zai kwanta? A nan fuloti ya kasu biyu. In gidanka ne a sama, lambatu a ƙasa, yawancin tushen zai shige ƙarƙashin cikonka, a cikin filinka, ba ka taɓa na kowa ba. Haɗarinka a nan shi ne ruwan lambatun ya riƙa sassaƙe ƙasar gaban tushen damina bayan damina har ya bar shi a rataye, don haka dole fandishon ya nutse ƙasa da gindin lambatun, a kuma shimfiɗa dutse a gabansa. In kuwa gidanka ne a ƙasa, ka yanki tudu ka shiga, zirin hukuma ko titi yana samanka, to tushen zai nemi shiga ƙarƙashin ƙasar da ba taka ba, daidai inda bututu da waya suke. Sai dai a juya zanen, tushen ya miƙo cikin tsakar gidanka, a ƙara masa kauri da haƙori a ƙasa don kada ya zame, kuɗi kuma ya ƙaru. Haƙar ma kanta haɗari ce, don kana zare wa bututun gwamnati ƙasar da yake jingine da ita.

Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi da injiniyoyi ke bi wajen gini kusa da bututu: nauyin fandisho yana bazuwa cikin ƙasa a karkace, kusan digiri 45. In bututu yana zurfin mita 2, fandishon da ke sama-sama sai ya ja baya kusan mita 2, ko kuma a nutsar da shi har ya kai zurfin bututun. In ba haka ba, ko katangar ta danne bututun ya tsage, ko ranar da aka haƙa rami don gyara bututun katangar ta biyo ramin. Wannan ne babban aibin kankare a cikin ziri: ba ya lanƙwasa, ba ya kwancuwa, ba ya matsawa. In ma'aikata suna buƙatar wurin, sai dai a fasa shi da inji, abin da zai rage maka tarin ɓaraguzai ne da lanƙwasasshen rodi na 'yan gwangwan.

Katangar dutse da siminti ta fi dacewa da idon mutane da yawa, kuma Abuja ba ta rasa dutse ba, ga wuraren fasa shi a Mpape da kewayen gari. Ita nauyinta kawai take faɗa da shi, babu rodi, saboda haka dole gindinta ya yi kauri, rabin tsayinta ko fiye, tana sirancewa tana hawa. Zuwa mita ɗaya da rabi ko biyu tana da kyau, ba ta tsatsa, tana jure gogar ruwa fiye da filasta. Sai dai a kula da wata yaudara: jera dutse falle ɗaya a jikin gangare a liƙe da siminti, irin wanda ake gani a bakin kwalbati, riga ce kawai da ke hana ruwan sama wanke fuskar ƙasa, ba ta tokare komai. Ɗan kwangila na iya karɓar kuɗin katanga ya yi maka riga. Ta fuskar ziri kuwa matsalarta ɗaya da ta kankare, ta ma fi shi nauyi a kan bututu, kuma ƙasa na ɗan motsawa sai ta tsage.

Sai kwandon waya, wanda injiniyoyi ke kira gabiyon. Raga ce ta waya mai kauri da aka haɗa ta zama akwati, wanda aka fi samu mita 2 a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a tsayi, a cika shi da duwatsu masu girman santimita 10 zuwa 20, a ɗinke bakinsa, a ɗaure shi da na kusa da shi. Masu gida da yawa suna yi masa kallon aikin gefen titi, bai dace da gidan mutum mai rufin asiri ba. Ni kuwa a bakin magudana shi nake fara dubawa, saboda dalili uku da suka shafi wurin kai tsaye. Ruwa yana ratsa shi kamar rariya, ke nan babban abin da ke kayar da katanga bai sami wurin taruwa ba. In ƙasa ta zauna ko ruwa ya ɗan ci gindinsa, yana lanƙwasa ya bi ta maimakon ya tsage, kuma za ka ga alamar da idonka tun akwai lokacin gyara. Na uku, ana kwance shi. In hukuma ta zo gyaran bututu, leburori za su yanke ɗinki, su kwashe dutse gefe, a gama aiki, a sayi sabuwar raga a mayar da dutsen nan dai. Abin da ka yi asara waya ce da kuɗin lebura. Ba ya kuma jiran siminti ya bushe.

Aibobinsa ma ba kaɗan ba ne. Yana cin fili, don katangar mita 2 tana son gindin da ya kai mita ɗaya da rabi, a jera ta hawa-hawa tana ɗan jingina baya wajen ƙasar. In ka tura wannan faɗin cikin lambatu ka matse wa ruwa hanya, ka yi laifin da ake gudu tun farko, saboda haka faɗin daga filinka zai fita. Rayuwarsa rayuwar wayarsa ce. Siririyar ragar kaji ko ta shingen gona ba ta wannan aikin. Ana son waya mai kauri da aka yi wa rufin hana tsatsa, a lambatun da ke ɗauke da ruwan wanke-wanke da ƙazanta kuma mai rigar roba a kai. In unguwarku ana ƙona shara a cikin lambatu, wuta za ta cinye robar. In wurin ba idon mutane, a tuna da baban bola, mutanen da murfin manhol na ƙarfe bai gagare su ba a tsakiyar birni. Ramukan tsakanin duwatsu mafaka ce ta ɓera da kunama, wani lokaci har maciji, hawa-hawan kuma tsani ne ga ɓarawo, don haka katangar tsaro daban za a yi mata wuri a sama, a ja ta baya, da nata fandishon. Abu biyu ke raba aikin kirki da na banza a nan: a shimfiɗa ƙyallen tace ƙasa a bayan kwandunan don kada ruwa ya riƙa sace cikonka ta tsakanin duwatsu har tsakar gida ta lotsa, sannan a jera duwatsun fuska da hannu ɗaya bayan ɗaya. In aka juye su da bokitin inji, kwandon zai yi tumbi tun ba a je ko'ina ba.

Akwai zaɓin da ba mai son ji, kuma sau da yawa shi ya fi: kada a yi doguwar katanga sam. A bar bayan filin ya gangara a hankali, duk mita ɗaya ta sauka a ba ta mita 2 a kwance, a dasa ciyawa mai zurfin saiwa layi-layi a gicciye, irin jema da danginta. Saukar mita 2 za ta ci maka mita 4 na fili, a Abuja kuwa mita 4 ɗakin haya ne, na san zafin. Amma in mitocin nan dama a cikin ziri suke, ba naka ba ne ka yi gini a kai, ba abin da ka rasa. Ana iya raba saukar gida biyu da gajerun katangu, muddin ta sama ta ja baya aƙalla ninki biyu na tsayin ta ƙasa, in ba haka ba nauyinta a kan ta ƙasan zai sauka, ka koma gidan jiya. Bishiya dai a bar ta. Saiwar darbejiya, mangwaro ko malaina tana bin danshi har ta shige mahaɗar bututu, a ƙarƙashin wayar wuta kuma sare ta za a yi.

Da za a tambaye ni, ga yadda zan raba. In safiyo ya nuna kana da wurin ja da baya ka fita daga zirin gaba ɗaya, ja baya, ka zuba kankare da rodi in tsayin ya kai mita 2, ko dutse in bai kai ba, ka bar zirin da ciyawa da ƙaramar ƙofar shiga. Wannan ne kaɗai tsarin da za ka kashe kuɗi mai yawa ka yi barci. In ruwa yana cin bakin filinka, dole sai an yi wani abu a cikin zirin, kuma hukuma ta amince a rubuce, to kwandon waya, gajere iya yadda zai yiwu, ba tare da an rage faɗin hanyar ruwa ko da taku ɗaya ba. In kuwa ƙorama ce babba ko tsayin ya wuce mita 3, maganar ta fi ƙarfin gida ɗaya. Sai an gwada ƙasa, kuma gara masu gidajen layin su haɗa kai su tunkari hukuma, don katangar mutum ɗaya a bakin rafi tura ruwan take yi ya je ya ci gaɓar wanda ke tsallake ko wanda ke ƙasa. Ba cuta ba cutarwa. Maƙwabcin da ka juya wa ruwa yana da haƙƙi a kanka, yana kuma da hanyar kotu.

Kowacce ka zaɓa, abin da ke bayanta ya fi fuskarta muhimmanci, kuma nan ne 'yan kwangila ke rage kuɗi saboda ba mai gani. A takardar farashin da za a kawo maka ka nemi ka ga tsakuwar da za a zuba a bayan bangon, kaurin kamar santimita 30 daga ƙasa har kusa da sama, da fayif mai huji-huji da zai kwanta a gindi ya fitar da ruwa, da fayif na tsiyaya inci 3 ko 4 da ke ratsa bangon kowace mita ɗaya da rabi zuwa biyu. In babu su a takardar, babu su a aikin. Ciko ya zama jar ƙasa ko mai yashi, ba baƙar laka da sharar gini ba, a zuba shi kaɗan-kaɗan, kamar santimita 20, ana daddaɓewa kafin a ƙara. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, cikakken ƙarfinsa kuma sai kwana 28, don haka kada tifa ta juye masa ƙasa a baya yana ɗanye. Sokawe, tankin ƙasa da ruwan indararo duk a nisanta su da bayan katangar. In kana da niyyar ajiye tankar ruwa, kafa hasumiyar tanki ko gina ɗakin maigadi a kusa da bakinta, gaya wa injiniya tun yana zane.

Lokacin aikin daga Nuwamba ne zuwa Maris. Wanda ya buɗe rami a bakin lambatu cikin Yuli yana wasa da rayukan leburorinsa, don gefen rami jiƙaƙƙe ba ya sallama kafin ya rufto. In an gama, ka ɗauki hotunan fandisho, rodi da fayif kafin a binne, ka haɗa su da takardar izini wuri ɗaya. Bayan ruwan farko mai ƙarfi ka zagaya bayan gida ka duba ko fayif ɗin suna zubar da ruwa. In sun bushe ƙayau alhali ƙasa ta jiƙe, a zura musu rodi a buɗe su. Ka rataya zare da ɗan dutse daga saman katangar ka auna tazararsa da gindinta, ka rubuta, ka sake aunawa a ƙarshen Satumba. In tazarar ta ƙaru, kira injiniyan tun kafin damina ta gaba.